Tsarin Gada da Layin Ko-ta-kwana: Muhawarar Masu Haɗa Intanet a Arewacin Zamfara

A garuruwan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, intanet yana isa ga mafi yawan jama'a ne ta turakun kamfanonin wayar salula, waɗanda mutanen gari suka fi sani da ƙarfen sabis, kuma a kan waɗannan turaku ne harkar masu POS da shagunan da ke yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa da ofisoshin ƙananan hukumomi da asibitoci ta rataya. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, ta tara ɗalibai da ma'aikata waɗanda biyan kuɗi da cike takardunsu suka koma ta intanet, kasuwar Shinkafi kuwa da ke ci ranar Alhamis tana haɗa fatake daga sassa masu nisa, waɗanda da yawansu suka gwammace tiransifa a kan yawo da tsabar kuɗi a hanyar da ba ta da aminci. Wannan dogaro ne ya sa masu sana'ar haɗa intanet a yankin suke yawan saɓani a kan tambayoyi biyu da akan cakuɗa su kamar abu guda, wato ko ya dace a mayar da rawutar da ke ɗauke da layin waya zuwa tsarin gada, da kuma ko ya dace a ƙara layi na biyu wanda zai karɓi aiki da kansa idan na farko ya ɗauke.

Rawuta ita ce na'urar da ke karɓar intanet daga waje ta rarraba shi ga wayoyi da kwamfutocin da ke cikin gida ko ofis, kuma irin wadda ake saka wa sim tana ɗauke da sassa biyu a akwati guda, sashen da ke magana da turke ta iska, wanda ake kira modem, da sashen da ke yin rabon. Kowace na'urar da ke kan intanet tana buƙatar lamba da za a gane ta da ita, wadda ake kira adireshin IP, amma tsohon tsarin lambobin da har yanzu aka fi aiki da shi, wato IPv4, adireshi kusan biliyan 4.3 kawai yake iya bayarwa, kuma babban rumbunsa na duniya ya ƙare tun watan Fabrairun 2011. Dabarar da aka daɗe ana rage wannan ƙaranci da ita ita ce fassarar adireshi, wadda masana ke taƙaita sunanta da NAT, inda rawuta ke riƙe adireshi guda na waje, ta ba na'urorin cikin gida lambobi na cikin gida irin masu farawa da 192.168, sannan ta riƙa tuna wace na'ura ce ta aika wane saƙo domin ta mayar mata da amsarta. Abin ya yi kama da babban gida mai zaure guda, wanda duk mai aike daga ciki sai ya bi ta hannun yaron da ke zaure, amsa ma ta hannunsa za ta dawo, baƙon da ya zo ba da gayyata ba kuwa a zaure zai tsaya domin yaron bai san ɗakin da zai kai shi ba.

Tsarin gada shi ne a dakatar da sashen rabon da ke cikin rawutar sim, a bar ta tana aikin modem kaɗai, ta miƙa adireshin da kamfani ya ba ta kai tsaye ga wata babbar rawuta da ke bayanta, irin su MikroTik ko TP-Link, wadda ita ce za ta yi fassarar adireshi da rabon waifai da tsaro. Layin ko-ta-kwana kuwa hanya ce ta biyu da ake jonawa a jikin babbar rawutar, ko sim na wani kamfani ko farantin tauraron ɗan'adam, ta zauna ba ta aiki har sai rawutar ta lura cewa hanyar farko ta mutu, sannan ta karkatar da komai zuwa gare ta ba tare da wani ya taɓa waya ko ya sauya lambar sirri ba.

Masu goyon bayan wannan tsari suna fara hujjarsu ne daga illar fassara sau biyu. Idan rawutar sim tana fassara adireshi, babbar rawuta ma tana yi, to duk saƙon da zai fita sai an sauya masa lamba sau biyu, abin da bai cika damun mai duba Facebook ko WhatsApp ba, amma yakan dagula keɓaɓɓiyar hanyar nan da ake kira VPN, wadda reshen banki ko ofishin wata ƙungiya ke bi ya isa hedikwatarsa a Gusau ko Abuja, haka kuma yakan hana mai shago leƙa kyamarorin tsaronsa daga nesa, yakan kuma sa kiran murya ta intanet ya zama ɓangare guda ne kawai ke jin ɗan'uwansa. Hujjarsu ta biyu ta shafi ƙarfin na'urar kanta, domin ƙananan akwatunan sim da ake sayarwa da araha an ƙera su ne don gida mai mutane kaɗan, ƙwaƙwalwarsu ba ta da yawa, kuma idan aka ɗora musu kwamfutoci masu yawa na cibiyar jarrabawa a zafin watan Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano, sukan ɗauki zafi su daskare har sai an kashe an kunna. A ganinsu, sauke wa akwatin nauyin rabo yana barinsa ya yi aikin da ya fi iyawa, wato riƙe sabis, yayin da dokokin wa zai shiga da nawa zai sha suke taruwa a wuri guda da mai kula zai iya dubawa. Sukan ƙara da cewa raba aikin gida biyu yana ba da damar ɗaga akwatin sim a kan dogon ƙarfe inda sabis ya fi ƙarfi, a sauko da intanet ta kebul wanda zai iya kai mita 100 ba tare da ya raunana ba, ko da yake wannan fa'ida ana samunta ko da ba a kunna tsarin gada ba, saboda haka ba ta da nauyin da suke ba ta.

Game da layi na biyu, hujjarsu ta fi sauƙin fahimta ga wanda ya ga abin da ya faru a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira ya janyo ƙarancin tsabar kuɗi, ciniki ya koma kan tiransifa har a ƙauyuka. Mai shagon da sabis ya ɗauke masa ranar kasuwa, yana da layin mutane a gabansa, ba shi da lokacin cire sim ya saka wani, ma'aikaciyar asibitin da ke tura bayanai kuwa ba lallai ta san inda ake sauyawar ba. Na'urar da ke yin wannan sauyi cikin daƙiƙu, in ji su, ta fi ɗan'adam saurin lura, kuma ba ta tafiya cin abinci.

Ɗaya ɓangaren bai musanta cewa fassara sau biyu tana da illa ba, abin da yake cewa shi ne tsarin gada ba ya kawar da ita a kan layin wayar salula kamar yadda ake zato. Dalili kuwa shi ne kamfanonin waya su ma ba su da adireshin waje da zai ishi miliyoyin masu layi, saboda haka suna yin tasu fassarar a can cikin cibiyarsu, su haɗa ɗimbin masu amfani a kan adireshi guda, tsarin da ake kira CGNAT, wanda a 2012 aka keɓe masa jerin lambobi daga 100.64 zuwa 100.127. Duk wanda ya kunna tsarin gada ya duba adireshin da ya iso ga babbar rawutarsa, idan ya ga ya faɗa cikin wannan jeri ko ya fara da 10, to ya sani cewa har yanzu ba a kan intanet na waje yake kai tsaye ba, kuma kyamarar da yake son leƙawa daga Kano ba za ta buɗu ta hanyar buɗe ƙofa a rawutarsa ba, komai ƙwarewar wanda ya saita ta. Abin da ya samu shi ne rage fassara daga uku zuwa biyu, an gudu ba a tsira ba. Mafita ta gaskiya ita ce sayen adireshi na dindindin daga kamfani, wanda galibi ga manyan abokan ciniki ake sayar da shi a kan wani farashi dabam, ko kuma amfani da kyamarori da manhajojin da su ne ke fara kiran wata cibiya a waje, waɗanda ba ruwansu da yawan fassara. Wannan hujja tana da ƙarfi ƙwarai, kuma ita ce wadda masu sayar da kaya suka fi saurin tsallakewa idan suna yi wa mai shago lissafi.

Hujjarsu ta biyu ita ce asarar gani. Rawutar sim tana da shafin kulawa, wanda ake shiga da lamba irin 192.168.8.1 a yawancin na'urorin Huawei ko 192.168.0.1 a yawancin na ZTE, kuma a nan ne ake ganin ƙarfin sabis da saƙonnin da kamfani ke turowa game da ƙarewar data ko toshe layi. Da zarar an shiga tsarin gada, na'urori da yawa sukan rufe waifai ɗinsu, shafin kulawar kuma ba ya buɗuwa daga bayan babbar rawuta sai an ƙara masa hanya ta musamman, don haka ranar da intanet ya tsaya mai shago ba ya iya bambance ko turke ne ya mutu, ko data ce ta ƙare, ko kuwa na'urorin biyu ne suka daina fahimtar juna. Na ukun nan yana faruwa fiye da yadda ake tsammani, saboda adireshin da kamfani ke bayarwa aro ne na wa'adi, idan sabis ya ɗauke ya dawo sau da yawa modem yana samun sabuwar lamba, babbar rawuta kuwa tana riƙe da tsohuwar har sai wa'adin da aka ba ta ya cika, fitilu duk suna kore amma ko shafi guda ba ya buɗewa. Wasu modem ɗin kuma sukan miƙa adireshi tare da lambar mashiga wadda ba ta cikin jerinsa, wasu rawutoci su karɓa, wasu su ƙi. Ga kuma akwatunan da kamfanonin waya ke sayarwa da tambarinsu, waɗanda a yawancinsu an ɓoye zaɓin gada gaba ɗaya, har wasu masu gyara kan kai ga sauya musu manhajar ciki, aikin da idan ya kuskure akwatin ya tashi daga aiki ke nan.

A Legas ko Kano ana iya ɗaukar waɗannan a matsayin ƙananan matsaloli, tun da mai gyara yana iya isowa a kan babur cikin sa'a guda. A arewacin Zamfara lissafin ya sha bamban, domin hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi da wadda ta bi ta Zurmi zuwa Jibiya sun daɗe suna fama da tare matafiya da garkuwa da mutane, kuma kiran injiniya daga Gusau don ya sabunta aron adireshi yana nufin a sa ran mutum cikin haɗari saboda aikin da bai wuce danna maɓalli biyu ba. Gyara daga nesa ma ba ya yiwuwa, tun da hanyar da za a bi a shiga na'urar ita ce ta mutu. A nan ne masu adawa suka fi samun galaba, kuma da wuya a ga amsar da za ta rusa maganarsu cewa tsarin da yaron shago zai iya tayarwa da kansa ya fi wanda ya fi shi inganci a takarda amma sai gwani.

Duk da wannan saɓani, ɓangarorin biyu sun yarda da jerin da ake bi wajen gano bakin zaren matsala, wato daga ƙasa zuwa sama. Ana farawa da wuta, domin yankin yana ƙarƙashin kamfanin rarraba lantarki na Kaduna amma yawancin shaguna da sola da inbata ko janareta suke aiki, kuma batirin da ya yi rauni yakan sa modem ya riƙa mutuwa yana farfaɗowa alhali fitilarsa ba ta nuna komai ba. Daga nan sai ƙarfin sabis, wanda sandunan da ke jikin akwati ba sa faɗin gaskiyarsa, gara a duba ma'aunin da ake kira RSRP, inda lamba kusa da −80 ke nuna sabis mai kyau, abin da ya gangara ƙasa da −110 kuwa ya yi rauni matuƙa. Sai a tabbatar da data ta hanyar saka sim ɗin a waya a danna *323#, lambar da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta daidaita wa duk kamfanoni a 2023, a kuma duba sunan mashigar kamfani da ake kira APN. Idan duk waɗannan lafiya, sai a cire babbar rawuta a jona kwamfuta kai tsaye a jikin modem, domin wannan gwaji guda yana raba laifi gida biyu. Bayan haka ake aika ɗan saƙon gwaji da ake kira ping zuwa sananniyar lamba irin 8.8.8.8 ta Google, idan ta amsa amma shafuka ba sa buɗewa, to matsalar tana ga DNS, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lamba, kuma wannan yakan biyo bayan sauya layi idan rawuta ta ci gaba da tambayar cibiyar kamfanin farko ta kan layin kamfani na biyu. Idan kuwa wasu shafuka suna buɗewa wasu suna maƙalewa a tsakiya, akan zargi girman ƙunshin saƙo, tun da kebul yana ɗaukar bayit 1500 a ƙunshi guda, layin salula kuwa sau da yawa bai kai haka ba, sai an rage.

Sauya layi da kansa ma yana da nasa tarkon, wanda tsarin gada ba ya warwarewa. Babbar rawuta ba ta ganin turke, kebul ɗin da ke tsakaninta da modem kaɗai take gani, kuma wannan kebul yana nan da rai ko da sabis ya ɗauke a gari baki ɗaya, saboda haka rawutar da aka saita ta sauya layi idan kebul ya mutu ba za ta taɓa sauyawa ba. Dole ne a koya mata ta riƙa aika saƙon gwaji zuwa wata lamba a can waje lokaci-lokaci, ta ƙirga sau nawa aka yi shiru kafin ta yanke hukunci. Idan aka sa ta yi gaggawa, to a wurin da sabis ke rawa za ta yini tana kai-kawo tsakanin layuka biyu, kuma kowane sauyi yana canza adireshin da duniya ke ganin shagon da shi, abin da kan katse hulɗar da ke gudana da banki ko shafin rajista, har a cire kuɗin mutum ba tare da an ga shaidar biya ba. Idan aka sa ta yi jinkiri, mai shago ya riga ya sauya da hannunsa kafin ta farga. Masu adawa sukan tuna cewa yawancin na'urorin POS suna da nasu sim a ciki baya ga waifai, don haka mai ƙaramin teburi ya riga ya mallaki hanya biyu ba tare da ya sayi komai ba. Masu goyon baya kuma sukan amsa, kuma da gaskiyarsu, cewa duk wannan batu ne na saiti mai kyau, ana gwada lambobi biyu maimakon ɗaya, ana kuma hana rawuta komawa layin farko sai ya daɗe a tsaye.

Sai dai akwai tambayar da ta fi duk waɗannan girma, wadda tarihin jihar ya riga ya gwada a aikace, wato ko layi na biyu hanya ce dabam da gaske. Ranar 3 ga Satumban 2021, bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle, hukumar NCC a ƙarƙashin Farfesa Umar Danbatta ta umarci dukkan kamfanonin waya su rufe turakunsu a faɗin Zamfara domin a ba jami'an tsaro damar yaƙar 'yan bindiga, kwanaki kaɗan bayan sace ɗalibai a Ƙaramar Hukumar Maradun. Mako biyu aka ambata da farko, amma sai ranar 1 ga Oktoba aka buɗe wa Gusau, sauran sassan jihar kuwa, ciki har da Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, sai wajen ƙarshen Nuwamba, kuma a tsakanin haka an rufe sabis a ƙananan hukumomi da dama na Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka kuma hana cin kasuwannin mako da sayar da fetur a jarka. A waɗannan watanni, mai MTN da Airtel da Glo a rawuta guda bai fi mai layi ɗaya da komai ba. Ko a lokacin da babu umarnin gwamnati, rarrabuwar kamfanoni ba ta kai yadda take a ido ba, domin yawancin turakun ƙasar nan mallakar kamfanonin haya ne irin su IHS da ATC, kuma turke guda yakan ɗauki eriyar kamfani biyu ko uku a kan janareta ɗaya, ta yadda idan motar gas ta kasa isowa ko aka lalata wurin, duka suke mutuwa tare. A harin da aka kai garin Zurmi a watan Afrilun 2024, wanda ya kai har fadar sarki, kayan sadarwa na cikin abin da maharan suka lalata. Ko daga nesa ma ana iya haɗuwa a rami guda, kamar yadda aka gani ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni da dama suka shiga matsala a lokaci guda.

Wannan ya raunana masu cewa sim biyu sun wadatar, amma a ɗaya hannun ya ƙarfafa masu son babbar rawuta, domin hanyar da ta rabu da turke gaba ɗaya ita ce tauraron ɗan'adam, kuma haɗa shi da layin waya a tsari guda ba ya yiwuwa sai da na'urar da ke iya karɓar hanyoyi biyu. Kamfanin intanet na tauraron ɗan'adam mai suna Starlink ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka da ya shiga, kuma rawutarsa tana da nata tsarin gada. Ga cibiyar jarrabawa ko asibiti ko babbar makaranta, faranti a matsayin hanya ta farko da sim a matsayin ko-ta-kwana tsari ne mai ma'ana, tun da ruwan sama mai ƙarfi da kan katse faranti na ɗan lokaci bai cika kashe turke ba, ƙarewar gas a turke kuma ba ta shafi faranti ba. Amma shi ma yana da iyaka, kuɗin kayansa da na wata-wata sun fi ƙarfin ƙaramin shago, yana cin wuta tsakanin wat 50 zuwa 100 dare da rana, wanda ke buƙatar ƙarin batir da faifan sola, a tsarinsa na gama-gari shi ma bayan CGNAT yake ajiye mai amfani, kuma da lasisin NCC yake aiki, don haka babu tabbacin cewa wani umarnin rufewa nan gaba zai tsallake shi. Akwai kuma abin da littattafan koyar da fasaha ba sa ambatawa, wato farin faranti a kan rufi yana sanar da kowa cewa akwai abin hannu a gidan, kuma a yankin da masu ba 'yan bindiga bayanai suka zama abin tsoro wannan lamari ne da mai gida zai auna kafin ya kafa. Sabis ɗin Jamhuriyar Nijar da akan tsinta a wasu ƙauyukan kan iyaka ba abin da ofis a cikin gari zai gina aikinsa a kai ba ne.

Idan aka auna, tambayoyin biyu ba amsa ɗaya suke da ita ba. Tsarin gada yana biyan kuɗin sabulu ne a wurin da aka sayi adireshi na dindindin, ko ake da VPN da ta ƙi jituwa da fassara sau biyu, kuma akwai ma'aikaci mazaunin gari da ya san yadda zai shiga modem ta bayan babbar rawuta, sharuɗɗan da babbar makaranta ko reshen banki a Ƙaura Namoda za su iya cikawa, amma shagon rajista a Zurmi da wuya. Ga irin wannan shago akwai matsakaiciyar hanya da ɓangarorin biyu ba su cika ba ta haƙƙinta ba, wato a bar rawutar sim a tsarinta na asali, a tabbatar jerin lambobinta na cikin gida ya bambanta da na babbar rawuta don kada su yi karo, sannan a yi amfani da zaɓin da ake kira DMZ a tura duk saƙon da ya shigo zuwa babbar rawutar. Da haka ana samun mafi yawan abin da ake nema a gada, shafin kulawa yana nan a buɗe, matsalar tsohon adireshi kuma ba ta tasowa domin lambar da ke tsakanin na'urorin biyu ba ta canzawa ko sabis ya ɗauke sau nawa.

Layi na biyu kuwa ya cancanci kuɗinsa gwargwadon nisansa da na farko a turke da wuta da hanyar fita, kuma sanin hakan ba ya buƙatar injiniya, tambayar mutanen unguwa ko layukan biyu tare suke ɗaukewa ta isa. Ɗawainiyarsa ma ba ta ƙarewa ranar da aka haɗa, musamman tun da NCC ta amince da ƙarin farashin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, kuma yawancin datar wata tana ƙarewa ko an sha ko ba a sha ba. Sim ɗin da aka manta a cikin akwati yana iya rasa data, ko a toshe shi saboda rashin haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN kamar yadda aka yi wa layuka da yawa bayan wa'adin Satumban 2024, ko kamfani ya janye shi don ya daɗe ba a yi amfani da shi ba, kuma babbar rawuta ba za ta faɗa wa kowa ba sai ranar da ta juya gare shi. Shi ya sa masu gyaran da suka san aikinsu suke sharɗanta wa mai shago ya riƙa cire layin farko da gangan sau ɗaya a wata, a ranar da ba ta kasuwa ba, ya buɗe shafin banki ya ga ko na biyun ya ɗauka, ya kuma duba tsawon lokacin da sauyin ya ci.